Kafin Katafila Ta Taɓa Ƙasar Mora

Manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Duwala zuwa Njamena, in sun biyo ta Garwa da Marwa, a Mora suke sallama da duwatsu. Daga nan sai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, baƙar laka iya ganin mutum, ta Waza da Dabanga har Kusiri a bakin kogin Logon, tafiyar kilomita 205. Babu direban da ke ambaton wannan yanki da daɗin baki. Da damina mota takan kafe ta yi kwanaki a wuri guda, albasa ta ruɓe a buhu, kuɗin dako ya hau, farashin komai ya bi bayansa. Ba sai an yi wa mutumin Mora dogon bayani a kan amfanin kwalta ba.

An daɗe ana fama da aikin. Bankin Duniya ya sa kuɗi, 'yan kwangila daga ƙasar Sin suka kafa sansani suka fara, sai a daren 16 ga Mayu 2014 'yan Boko Haram suka afka wa sansanin ma'aikata a Waza suka tafi da 'yan Sin goma. An sako su a watan Oktoba na shekarar, amma aiki ya riga ya tsaya. A 2018 aka damƙa shi ga sashen injiniyoyi na rundunar sojan Kamaru, bai kai ƙarshe ba. A 2023 bankin ya sake amincewa da dala miliyan 330 domin babbar hanyar da ƙananan hanyoyin da ke shiga ƙauyukan gefenta.

Akwai wata tambaya da ba a cika jin ta a tasha ko a kasuwar Lahadi ta Mora ba, alhali tana cikin takardun da tilas a cika kafin a saki irin waɗannan kuɗaɗe: me ke kwance a ƙarƙashin ƙasar da za a kankare, kuma wa ya je ya duba?

Baƙon da ya tsaya a tsakiyar Mora ba zai ga wani dogon gini da zai shaida masa tsufan wurin ba. Tarihin ƙasar Wandala, wadda aka fi sani da Mandara, yawancinsa a ƙasa yake. Sunan daular ya fito a taswirar duniya da Fra Mauro ya zana a Venis wajajen 1450. Babban birninta na da shi ne Kerawa, wanda a yau iyakar Najeriya da Kamaru ta ratsa, kuma limamin Borno Ahmad Ibn Furtu ya rubuta labarin yaƙin da Mai Idris Alauma ya kai can a ƙarni na 16. Daga baya sarauta ta koma Dulo, 'yar tafiya kaɗan daga Mora. A farkon ƙarni na 18, zamanin Mai Bukar Aji, fadar ta karɓi Musulunci. A farkon ƙarni na 19 rundunar Modibbo Adama ta shiga Dulo, mutanen Wandala suka sake ƙwato garinsu, amma fada ta fi samun natsuwa a gindin dutsen Mora. A nan Baturen Ingila Dixon Denham ya tarar da sarkin da mahaya dawakinsa a 1823. A shekarun 1890 mayaƙan Rabeh suka ragargaza Dulo, shi kuma Rabeh ajalinsa ya same shi a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900, wato a ɗaya bakin wannan hanya da ake gyarawa.

Sai kuma dutsen kansa. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, kyaftin ɗin Jamus Ernst von Raben ya kwashe sojojinsa, waɗanda mafi yawansu 'yan Afirka ne, ya hau da su dutsen Mora a watan Agusta 1914. Sojojin Ingila daga Najeriya da na Faransa daga Chadi suka kewaye shi kusan wata 18, bai sauko ba sai ranar 18 ga Fabrairu 1916, bayan sauran Kamaru duka ta fita daga hannun Jamus. Wurin da aka yi wannan zama na yunwa da ƙishirwa dutse ne, kuma dutse shi ne abin da mai aikin hanya ke nema ya fasa ya yi tsakuwa.

Wannan duk tarihin da aka rubuta ne. Wanda ba a rubuta ba ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Tun 1984 Nicholas David na Jami'ar Calgary a Kanada ya fara binciken kufai a duwatsun Mandara da filayen da ke gindinsu, almajirinsa Scott MacEachern ya ɗora. A Aissa Dugje, wani rukunin tuddai da ke filin arewacin duwatsun, an haƙo ƙasusuwan ƙananan dawaki da suka haura shekara 1,000, suna cikin tsofaffin shaidun doki da aka samu a Afirka kudu da Sahara. Duk wanda ya san matsayin doki a Borno da ƙasar Hausa, daga fagen yaƙi har hawan sallah, ya san wannan ba ƙaramin labari ba ne. Can gaba wajen Kusiri, masanin Kamaru Augustin Holl ya yi shekaru yana tono a Huluf a shekarun 1980, a ƙasar mutanen da ake kira Sao, masu manyan randunan da akan binne mamata a ciki, da mutum-mutumin yumɓu, da garuruwa masu ganuwa.

Ya kamata a fahimci yadda waɗannan tuddai suka samu, domin a nan matsalar take. A ƙasar da ruwa ke kwanciya wata da watanni, mutane kan zauna a inda ya ɗan fi tudu. Ɗaki ya rushe, a baje shi a gina wani a kai. Toka, shara, fasassun tukwane, kashin dabbobi, duk su taru. Bayan ɗaruruwan shekaru sai ga tudu mai tsawon gaba biyu ko uku ko fiye a tsakiyar fili, wanda ba halitta ba ce, hannun mutane ne. Wanda ya hau irin wannan tudu bayan ruwan farko zai ga ƙasar ta yi fari-fari saboda toka, tsingaro ya bazu ko'ina, wani da zanen da aka yi da murɗaɗɗiyar igiya tun yumɓu na ɗanye, ga ɓarin dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya, ga baƙin kashin maƙera mai nauyi a hannu, wani lokaci har ɗan dutsen wuya ja da ruwa ya wanko. Manomin wurin ya san da su, fartanyarsa na karo da su kowace shekara. Makiyayi ma ya sani, don a kan tudun yake kafa ruga in fili ya jiƙe.

Darajar tudun ba a tukwanen take ba, a jerinsu take. Abin da ke ƙasa ya girmi abin da ke sama, kuma ɗan gawayin da aka ɗauka daga wani hawa, in aka auna shi a ɗakin gwaji, yakan faɗi shekarun duk abin da ke tare da shi. Tudu kamar tsohon kundin malam ne marar ɗinki: in waraƙan suka watse aka rasa jerinsu, ko an tsince su duka karatu ya gagara. Katafila kuwa cikin wuni guda take watsa su.

Ba a Kamaru aka fara gane haka ba. A Amurka, bayan an share tsofaffin unguwanni da yawa domin manyan tituna, an kuma rushe babbar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a New York a 1963, majalisa ta yi dokar kare wuraren tarihi a 1966. Sashe na 106 na dokar ya ce duk hukumar tarayya da za ta kashe kuɗi a kan wani aiki, ko ta ba da izininsa, sai ta fara duba yadda zai shafi wuraren tarihi, ta kuma ji ta bakin masu ruwa da tsaki. Dokar ba ta hana rushewa ba. Abin da ta hana shi ne a rushe ba tare da an duba ba. A daidai wannan zamani duniya na kallon yadda ake yanka haikalin Abu Simbel a Masar gunduwa-gunduwa ana hawar da shi tudu don kada ruwan madatsar Aswan ya cinye shi, kuma a 1968 UNESCO ta fitar da shawara ga ƙasashe a kan kayan tarihin da ayyukan gwamnati da na 'yan kasuwa ke yi wa barazana. A Najeriya ma, kafin ruwan Kainji ya rufe tsohuwar Busa a 1968, an tura masana sun yi abin da ya sawwaƙa na ceto.

Kamaru tana da nata dokokin, kuma a rubuce ba su da laifi. An yi dokar kare kayan gado a 1991. Akwai babbar dokar muhalli ta 5 ga Agusta 1996, wadda ta wajabta binciken tasiri kafin a fara duk aikin da zai iya taɓa muhalli. Sai dokar 18 ga Afrilu 2013 a kan gadon al'adu, wadda ta fito fili ta ce manyan ayyukan gini da haƙa da shimfiɗa sai an fara yi musu binciken kufai: a zaga, a duba, a yi ramukan gwaji. A watan Fabrairu na wannan shekarar Firaminista ya sa hannu a kan ƙa'idojin yadda ake binciken tasirin aiki ga muhalli da jama'a.

Ga yadda abin yake tafiya. Mai aiki, a maganar hanya Ma'aikatar Ayyuka ke nan, yakan ɗauki ofishin ƙwararru ya biya su su yi binciken. Su bi layin hanyar, su rubuta abin da zai shafa: ruwa, itatuwa, namun daji, gonaki, gidaje, maƙabartu, wuraren ibada, kufai. Ƙa'ida ta ce a sanar da wakilan jama'a aƙalla kwana 30 kafin taron farko na tuntuɓa, a kuma rubuta abin da aka faɗa a taron a haɗa da rahoto. Rahoton ya je Ma'aikatar Muhalli a Yawunde, kwamitin ma'aikatu ya duba, sannan minista ya ba da takardar shaidar cika ƙa'ida, ko ya ce a gyara, ko ya ƙi. Ma'aikatar Fasaha da Al'adu ita ke da alhakin kufai da duk abin da aka tono. Ayyukan tsaro da na soja an keɓe su daga taron jin ra'ayin jama'a, kuma wannan abin lura ne a gari irin Mora, inda hedikwatar shiyya ta ɗaya ta rundunar haɗin gwiwar ƙasashen tafkin Chadi take.

In kuɗin na Bankin Duniya ne, akwai ƙarin sharaɗi. Tun Oktoba 2018 bankin ke aiki da ƙa'idoji goma na muhalli da jama'a, ta takwas ɗinsu a kan gadon al'adu take. Ta tsara matakai bi da bi: a kauce wa wurin in zai yiwu, in ba zai yiwu ba, a rage ɓarna, in ɓarna ta zama dole, a tono a rubuta kafin a wuce. Ta kuma ce a sa a cikin kwangila abin da za a yi in an ci karo da wani abu ba zato: a tsayar da inji, a killace wurin, a sa mai gadi, a sanar da hukuma, kada a ci gaba sai masani ya zo ya gani.

Ko wannan tsari yana haifar da wani abu? Amsar tana nan a cikin Kamaru. Tsakanin 2000 da 2003 aka shimfiɗa bututun mai na kilomita 1,070 daga rijiyoyin Kome a kudancin Chadi zuwa gaɓar teku a Kribi. Saboda hannun Bankin Duniya a cikin aikin, sai da masana kufai suka taka layin da ƙafa, suka kuma riƙa bin injin haƙa suna duba bangon ramin kafin a binne bututu. Philippe Lavachery, Scott MacEachern, Tchago Bouimon na Chadi da Christophe Mbida Mindzie na Kamaru ne suka jagoranta. Sun rubuta wurare 472, guda 302 a Kamaru, 170 a Chadi: matoyar ƙarfe, kufan ƙauyuka, kayan aikin dutse na zamanin da ba a san ƙarfe ba. Yawancin waɗannan yankuna babu masanin da ya taɓa sa musu ƙafa kafin nan. Mai kuma ya fara gudu a 2003, binciken bai hana shi ba. An sake yin irin wannan a madatsar Lom Pangar da ke gabashin ƙasar kafin a tare ruwa.

A gefe guda kuma akwai inda ba a yi ba. Madatsar Lagdo a kan Binuwai, kudu da Garwa, an gina ta tsakanin 1977 da 1982, lokacin babu dokar binciken tasiri, ruwanta kuma ya rufe ɗaruruwan murabba'in kilomita na kwarin da mutane suka daɗe suna zaune. A Bidzar, kan hanyar Garwa zuwa Marwa, akwai zane-zane kusan 500 da mutanen da suka sassaƙa a jikin farin dutse, yawanci da'irori a cikin da'irori. Alain Marliac ya yi nazarinsu a shekarun 1970, Kamaru ta sa su a jerin wuraren da take nema wa rajistar UNESCO a 2006, amma irin dutsen da aka yi zanen a kai shi ne wanda masana'antun siminti da farar ƙasa na yankin Figil ke fasawa. Mutanen Kano kuwa ba su manta da 2010 ba, shekarar da aka rushe Ƙofar Na'isa mai ɗaruruwan shekaru domin faɗaɗa titi, hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta yi kuka bayan aikin gama ya gama, daga baya aka gina sabuwa a wurin. Ƙofar tana tsaye kowa na ganinta, an san sunanta, amma hakan bai cece ta ba. Ina ga tudun da ba shi da suna a takardar kowa?

A nan ya kamata a dakata, domin akwai wani kuskure da ake yawan yi. Akan ce hanyar Mora zuwa Kusiri tsohuwa ce, gyara ake yi a kan layin da ke nan, don haka babu abin da za a taɓa. Layin kansa, gaskiya ne, an riga an kankare shi tun tuni. Amma hanyar da ke ratsa laka dole a ɗaga ta sama da ruwa, ɗagawa kuma sai da ƙasa, tifa dubbai. Baƙar laka ba ta riƙe kwalta: da damina ta kumbura, da rani ta tsattsage. Saboda haka ɗan kwangila yakan bazu cikin daji neman burji da ƙasa mai kyau, ya buɗe kududdufai, ya fasa duwatsu, ya yanki hanyoyin ratse na wucin gadi, ya share fili ya kafa sansani da injin dama kwalta. Waɗannan wurare sau da yawa ba a tsayar da su sai bayan an ba da kwangila, wato bayan an gama babban rahoto an sa masa hannu. A fili mai laka kuwa, busasshen tudun da ke kusa da hanya shi ne abin da ido ke fara faɗawa a kai. Hatsarin da ke kan kufan Mora da Waza da Logon ba a ƙarƙashin kwalta ya fi yawa ba, a ramin ɗibar ƙasa yake.

Akwai kuma bambanci tsakanin abin da ke da mai shi da abin da ba shi da kowa. In gwamnati za ta karɓi fili domin amfanin jama'a, kwamitin da ferefe, wato shugaban mulkin yanki, ke shugabanta yakan zo ya ƙirga: ɗakuna nawa, rijiya, bishiyar mangwaro, darbejiya, kabari. Kowanne da mai tsaya masa. In an tsallake mangwaron wani, gobe da sassafe yana ƙofar bulama, jibi yana ofishin su-ferefe. Kabarin da 'ya'ya da jikoki ke raye, ba a taɓa shi sai an zauna da su da liman. Amma garin da ya tashi shekara 800 da suka wuce ba shi da magajin da zai kai kuka. Ba a biyan diyyarsa, don haka babu wanda ke da ribar ambatonsa. Wani lokaci ma mai gonar da tudun ke ciki murna yake yi in an zo sayen ƙasa, kuma ba a ga laifinsa ba, shekarun nan sun yi wa mutanen yankin tsanani. Wannan gurbi shi ne dalilin da ya sa doka ta ɗora nauyin a kan gwamnati. Ita ce waliyyin abin da ba shi da waliyyi.

Ba duk wurin tarihi ne kufai ba. A kan duwatsun da ke kewaye da Mora, wajen Podoko da Mura da Mada da Muktele, da can ƙasar Mafa, akwai bishiyoyi da duwatsu da tukwanen kakanni da har yau ake girmamawa, ga gandayen dutse hawa-hawa da aka yi ƙarnuka ana gyarawa kowace shekara don kada ruwa ya tafi da ƙasa. Musulmi ko Kirista na iya samun saɓanin aƙida da mai irin wannan wuri, amma haƙƙin maƙwabci bai faɗi ba. Sau da yawa masu wurin ba sa son faɗin inda yake a bainar jama'a, ƙa'idar bankin ma ta yarda a ɓoye irin wannan bayani. Mai bincike na kirki yakan keɓe da dattawa, ya keɓe da mata, musamman masu ginin tukwane, waɗanda suka san kowane ramin yumɓu da abin da ke fitowa daga cikinsa. Taron da aka yi da Faransanci a zauren hukuma, aka ɗauki hoto aka watse, ya cika sharaɗin takarda, amma ba zai gano bishiya ko ɗaya ba. A Mora ana magana da Wandala, da Barbarci, da Larabcin Shuwa, da Fulatanci, da Hausa, da harsunan kan dutse, kuma da su ya kamata a yi tambaya.

Rashin tsaro ya ƙara wa lamarin wuya, wannan ba a musu. A Dabanga, kan wannan hanya, aka sace iyalin Faransawa su bakwai a Fabrairu 2013. Kerawa da Kolofata da Amcide da Mora kanta duk sun ga hare-hare. Masana daga waje suka daina zuwa, taka daji da ƙafa ya zama sai da rakiyar soja, wani wurin ma ana tsoron abin da aka binne a gefen hanya. A irin wannan hali abu mafi sauƙi shi ne a zauna a ofis, a buɗe jerin wuraren da gwamnati ta yi wa rajista, a ga babu ko ɗaya a kan layi, a rubuta cewa babu abin da aikin zai shafa. Amma jerin gajere ne ƙwarai. Da irin wannan duba aka yi wa bututun Kome, da waɗannan wurare 472 kusan duk sun wuce ba a san da su ba. Mafita tana kusa. Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, da ta Ngaundare suna yaye ɗaliban tarihi da kayan gado, 'yan ƙasa masu jin harsunan wurin, waɗanda za su iya shiga inda baƙo ba zai shiga ba. Albashin matasa biyu ko uku masu bin katafila da littafi da kyamara, in aka gwada shi da dala miliyan 330, bai kai a tsaya ciniki a kansa ba.

A watan Yuli 2025 yankin ya samu abin alfahari. UNESCO ta sa Diy-Gid-Biy a jerin wuraren gadon duniya: wurare 16 a cikin ƙauyuka bakwai na duwatsun Mandara, a ƙasar Mafa, kudu maso yamma da Mora. Gine-gine ne na dutse tsagwaro, ba laka ba siminti, an jera duwatsun sun zauna daram, da dandamali da matakala da lunguna masu rufi, an gina su tsakanin ƙarni na 12 da na 17. Shi ne wuri na farko na al'adu da Kamaru ta samu a jerin, bayan dazuzzukan Dja da Sangha. A hayin iyaka kuma ga Sukur a jihar Adamawa ta Najeriya, wadda ta shiga tun 1999. Rajistar tana zuwa da nauyi: ƙasa takan yi alkawarin sanar da UNESCO kafin ta fara wani babban aiki da zai iya taɓa darajar wurin. Kuma suna yakan jawo aiki. Za a so hanyar da baƙi za su bi, da masauki, da turakun wuta, da eriyar waya a kan tsauni. Mutanen ƙauyukan sun cancanci duk wannan, sun daɗe suna jira. Sai dai mai neman dutsen gini ba zai sami wanda ya fi na tsohon bango sauƙin ɗauka ba, tunda an riga an zaɓo shi an tara masa.

Diy-Gid-Biy yanzu yana da idon duniya a kansa. Ragowar ganuwar Dulo, da mafakar sojoji a kan dutsen Mora, da tuddan da ke tsakanin Waza da Kusiri ba su da wannan gata, sai abin da binciken gwamnati ya ba su. Shi ya sa taron tuntuɓa yake da muhimmanci fiye da yadda ake ɗaukarsa. Bulama ko lawan ko shugaban matasa da aka gayyata yana da damar ya wuce maganar diyya ya tambayi injiniya: a ina za ku ɗebi ƙasa, a ina za ku fasa dutse, wa zai duba wurin kafin ku fara? Yana da damar ya ce a rubuta sunan tudu kaza da tsohuwar maƙabarta kaza a cikin takardar taro, ya tabbata an rubuta kafin ya sa hannu. Rahotannin ayyukan da Bankin Duniya ke biya ana wallafa su a intanet, kuma kowane aiki yana da hanyar karɓar koke. Malamin makaranta guda mai jin Faransanci zai iya karanta sashen da ya shafi garinsu ya fassara wa jama'a a dandali.

Saura mutum ɗaya da rahotanni ba su cika kula da shi ba, alhali a hannunsa abin yake ƙarewa: direban katafila. Shi ne zai fara ganin bakin randa ya bayyana a cikin ƙasa, ko ƙashi, ko jerin duwatsun da ba su yi kama da na Allah ba. Yana da daƙiƙa kaɗan ya taka birki ko ya wuce. In ya san tsayawa za ta jawo masa faɗan shugaban ma'aikata, ko a yanke masa kuɗin wuni, zai wuce, don yana da iyali. Shi ma ɗan kwangila, in kwanakin da inji ya yi a tsaye daga aljihunsa za su fita, ga tarar jinkiri na jiransa, zai fi son kada a gani. Saboda haka sharaɗin tsayar da aiki ba ya aiki sai an haɗa shi da abubuwa na zahiri: a ware kuɗi a cikin kwangila domin kwanakin tsayuwa, a ƙayyade wa hukumar al'adu kwanakin da za ta iso daga Marwa ta yanke shawara, a nuna wa direbobi da lebura tsingaro da kashin maƙera a tafin hannu tun ranar da aka ɗauke su aiki, a kuma manna lambar wayar wanda za a kira a cikin kowane inji da ke aiki tsakanin Mora da Kusiri.